Ranar da Kakana Ya Ƙi Faɗin Yawan Shanunmu

Warin jan fenti ne ya tayar mini da wannan magana. Jiya da hantsi maƙwabcina a nan Gazawa yana shafe ƙofarsa, warin ya bugi hancina, sai na ji raina ya ɓaci kamar an zage ni. Irin fentin nan aka shafa wa turakun siminti da aka kafa a bayan rugarmu ina ƴar yarinya.

Damina ce, gero ya kai ƙugu. Babana da baffannina sun hau arewa da garke kamar kowace shekara, an bar tsofaffi da mata da mu yara da ƴan shanun tatsa. Burtalinmu, hanyar da shanu ke bi daga ruga zuwa tafki, ciyawa ta rufe shi ruf. In ba ka san shi ba sai ka ce fili ne kawai. Amma bayan girbi, in shanu suka gangaro, sai ka dama fura ka shanye na bayan garke bai wuce ba.

Sai ga farar mota da mutum uku. Suka ce hanyar jirgin ƙasa za a shimfiɗa, ba bana ba, ba baɗi ba, amma ana so tun yanzu a san duk inda mutane da dabbobi ke ƙetarewa, a yi musu mashiga ta ƙarƙashin layin dogo don kada jirgi ya riƙa kwashe su. Niyyarsu ba mummuna ba ce, wannan na yarda. Abin da ba zan yafe musu ba, sun zo neman shanu a watan da ko yaron goye ya san babu shanu.

Aka taru a gindin tsamiya, mai gari da manoma a gefe guda, kakana shi kaɗai a kan buzunsa. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Mai riƙe da takarda ya ce, "Tsoho, shanu nawa ke bi ta nan?"

Kai mai karatu, in ba a ruga ka tashi ba, ba za ka gane nauyin tambayar nan ba. Mu ba a faɗin yawan shanu. Ana tsoron baki, kuma abin kunya ne babba ya tsaya yana lissafa dukiyarsa. Ga shi tun zamanin Nasara mai takarda bai taɓa tambayar yawan shanu don alheri ba. Kakana ya sunkuyar da kai, ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa.

"Ƴan kaɗan ne," in ji shi. "Ba su kai a rubuta ba."

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi, ban da baƙin. Mai gari ya fi kowa sani, don har bijimansa biyu suna cikin garkenmu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta gyara zancen. Sai ya gyara rawani ya ce, "To, kun dai ji da bakinai." Manoma kuwa idonsu na kan baƙar ƙasar burtali da taki ya jiƙa shekara da shekaru. Mutumin ya ja layi a takardarsa, suka kafa turakun siminti suka shafa musu jan fenti, suka sha nono, suka tafi.

Da aka watse kakata ta tare kakana a bakin bukka. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Ka ba da hanyarmu saboda kunya!"

"So kike in ƙirga dukiyata gaban baƙi kamar mai tallan goro?"

Jirgi bai zo ba. Takardar ce ta zo. Damina ta gaba manoma suka shuka wake har tsakiyar burtali. Babana ya kai ƙara buro, wato ofishin hukuma, aka zaro masa takarda da ke cewa babu mashigar dabbobi a nan, kuma mahaifinsa ne ya shaida. Me zai ce? Ya ƙaryata ubansa a gaban jandarma? Ya dawo bai ci tuwo ba.

Daga nan shanu sai sun yi zagayen rabin yini kafin su ga ruwa. Masu ciki suka fara zubarwa. Kullum ɓarna, kullum faɗa, har aka fasa wa babana kai da fartanya a gonar mutumin da muke ba nono kyauta. Baffannina suka kora nasu suka tsallaka iyaka, ba su dawo ba. Namu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Gidan Rumji. Kakana ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ina sonsa, ina yi masa addu'a, kuma har gobe ina jin haushinsa.

Bana aka sake kiran taro a can garinmu, wai an sabunta tsarin hanyar jirgin don kare rayuka. Waɗanda aka turo yara ne masu ilimi da ladabi, ba su san komai a kan abin da ya wuce ba. Sun ce sun duba tsofaffin hotuna da aka ɗauka daga sama, sun ga sawun babbar hanyar dabbobi a wajenmu, sun gyara kuskuren na baya. Suka nuna mana zanen mashiga mai faɗi, wadda garke biyu za su gifta ba su gogi juna ba. Jikokin mai gari ne suka fara tafi.

Wata yarinya a cikinsu ta ga ni Bafulatana ce, ta matso da murmushi ta ce, "Inna, ki kai wa masu shanunku albishir."

Na ce mata zan faɗa wa ƙanena, in ya dawo daga tuƙin babur ɗin kabu-kabu a Maraɗi.