Madarar da Inna Ke Kawowa

Ina yi wa ɗiyata kitso na fara jin kaluluwar a ƙarƙashin muƙamuƙinta, ƙarama kamar ƙwallon magarya. Shekararta huɗu a lokacin. Ba ta yi mata zafi, sai na shafa mai na bar ta. Ta yi ta girma, fatar wurin ta yi duhu tana sheƙi. Maƙwabta suka ce a kira wanzami ya yi sakiya, maigidana ya hana. Magungunan kemis kuwa ko gezau.

A Sakkwato wata likita ta zuƙi ruwan ciki da allura. Da muka koma ta ce ƙwayar tarin fuka ce, amma a wuya ta zauna. Na ce yarinyar ko tari ba ta yi. Ta ce haka yake zuwa wa yara wani lokaci, kuma akwai magani, sai dai a gano inda ta ɗauko. Aka ɗauki hoton ƙirjinmu duka, har kakanta na wajen uba. Babu wanda ke da ita.

Sai aka turo wani malamin lafiya gida. Ya leƙa rijiya, ya buɗe randa, ya tsuguna bakin ɗakin tattabaru. Ranar kasuwa ce, mahaifiyata ta iso daga Gidan Katta kamar kullum, tana zaune a tabarma da yarinyar a cinya.

Inna ba ta zuwa hannu sake. Ranar sunan ɗiyata ta ba ta karsana, yadda ita ma Inna uwarta ta yi mata, kuma tun da saniyar ta haihu take kawo madararta a ɗan ƙoƙo. Ita ke ba ta da hannunta. "Ƙawata, sha, dukiyakki ta. Kin hi ni arziki, ga ki da ƙafa awa tsinke." Yarinyar ta ce, "Ke kuma ba ki da haƙora."

Malamin ya tambayi abin da take ci. Inna ta riga ni amsawa, da alfaharinta.

"Madara, ɗana. Da ɗuminta nika kawo ta."

"Ana dafawa, Inna?"

"A dafa mi? Wuta na kashe albarkar."

Ya sunkuyar da kai. Na ga Inna ta dube shi, ta dubi wuyan jikarta, hannunta ya tsaya a kan yarinyar.

Malamin dabbobi ya je Gidan Katta ya yi wa saniyar allura a fatar wuya. Inna ta aiko mini cewa tana azumi tana roƙon Allah kada ya zama saniyar ce. Da malamin ya koma dubawa, wurin ya kumbura, alamar tana da cutar. Aka yanka ta. Yayana da ya tsaya a wurin ya ce huhunta duk ƙuraje ne farare, aka haƙa rami aka binne naman. Ya ce Inna ba ta fito ba, sai da aka gama ta je ta kwance igiyar daga turke ta shige ɗaki.

Ɗiyata ta sha magani watanni, fitsarinta ya koma ja, ta rame, sannan Allah ya ba ta lafiya. Tabo kawai ya rage, ɗankwali ma yana rufe shi.

Na je na faɗa wa Inna cewa likita da kanta ta ce ba laifin kowa ba ne, tafasa madarar kawai ake yi. Na ce ƙaddara ce, ita ta koya mini hakan. Ta ce, "Na sani, ɗiyata." Ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa, amma ba ta ƙara sa wa yarinyar komai a baki ba. Ko ƙuli-ƙuli ta sayo, ni take miƙa wa.

Wata rana na tafasa madara, na zuba a ƙoƙo, na ba yarinyar ta kai mata. Ta je ta ɗora mata a cinya. "Tsohuwa, ba ni."

Inna ta riƙe ƙoƙon, ya karkace har madarar ta zuba a zanenta. Ta ce, "Kai wa uwakki, ƙawata. Hannuna ya tsuhe."

Haka ta rasu, daminar da ta biyo, ba ta ba ta ba. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita abin da ya fi wannan.