Ranar da Baba Ya Yi wa Kwamfuta Sallama

Ranar kasuwar Bagudo ce, a daminar da na shiga aji biyar, Baba ya ɗauko ni a bayan keke daga Kaoje da ganyen shinkafa uku a aljihun rigarsa. Fadamarmu ta kamu da wani ciwo, ganye yana komawa ja kamar tsatsa, maƙwabta kuma sun ce a tuge duka a ƙone kafin ya bazu. Ni dai abin bai dame ni ba, don in babu shinkafa babu korar tsuntsaye da gwangwani, sai ninkaya da langa a bakin rafi. Baba kuwa abincin shekararmu yake kallo.

Yayana Bello yana aiki a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, mai farantin intanet a kan rufi da janareta a bayan katanga. Kwalba ɗaya ta fetur ta rage, don a makon nan man garin duk ya bi baburan 'yan fasa-ƙwauri zuwa ƙasar Benin. Yaya Bello ya buɗe shafin bincike da kowa ya saba da shi a lokacin. Ya riƙa fitowa a hankali, hotunan 'yan ƙwallo, labarai, tallan mota, wani abu yana ƙyafta ido a gefe. Baba ya hana a taɓa komai, ya ce ba a katse mai gida yana shimfiɗa. Da aka zo rubuta tambaya kuma, ya dage sai an fara da sallama da gaisuwar iyali. Haka Yaya Bello ya rubuta yana cije leɓe, ni ina dariya a cikin hannun riga. Amsar da ta zo har da tallan tukunyar dafa shinkafa, ganyenmu kuwa ko alama.

Janareta ya fara tari. Yaya Bello ya buɗe wani sabon shafi, fari fat, da ɗan akwati guda a tsakiya. Baba ya ɓata rai. "Wanga wane irin gida ne, ko tabarma babu?" Kalma uku kawai aka rubuta, kafin Baba ya gama mita sai ga hoton ganye irin namu. Ya zaro nasa ya kara a jikin gilashin, tabo ya yi daidai da tabo. Yaya Bello ya fassara: ba annoba ba ce, ruwa ne ya daɗe kwance a ƙasar, a buɗe masa hanya a zuba taki. Yana rufe baki wuta ta ɗauke.

Kwana huɗu muka yi muna haƙa magudana, laka har gwiwa. Ba mu tuge ko tushe ɗaya ba, kuma na kori tsuntsaye a shekarar har muryata ta dushe. A hanyar komawa gida daga Bagudo ranar nan Baba ya faɗi maganar da ban manta ba: "Na farko so yake ka wuni gidansa. Na biyu mai fito ne, ya ƙetare da kai ya koma."

Da na girma na ji yadda manyan kamfanonin intanet na farko suka sha ƙasa. Sun cika shafukansu da kaya don su riƙe mutane, suka ɗauki bincike ƙaramin abu, mutane kuma suka bi wanda ke sallamarsu da wuri. Baba ya riga ni ganewa, shi da bai taɓa zama a aji ba.

Yau shagon ya koma wurin cajin waya, a wayata kuma amsa tana zuwa kafin in gama tambaya. Baba ya rasu bara, bayan girbi. Wani lokaci in na ciro waya a fadama, sai in ga yatsana ya fara rubuta sallama, kuma ba na gogewa.