Ƙwaryar da Ke Dawowa a Wanke

Ku yaran yanzu da ba ku san agana ba, ku gode wa Allah. Ni kam har gobe ban manta ranar da na bi rafi cikin duwatsun Roni ba. Lokacin ana yaƙin basasa, ina ƙaramin malamin lamba, wato mu ne masu yi wa mutane rigakafin agana a dantse. Ƙa'idar aikin ita ce, in an ji labarin mai ciwo, sai ka gan shi da idonka, sannan ka yi wa na kewaye da shi lamba.

Babban malamin tsafta ya kira ni a Kazaure, ya ce, "Isa, akwai mutum guda a wani ƙauye bayan Roni. Kada ka dawo min da an ce."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na je na tarar ba ya ƙauyen. Al'adarsu, wanda agana ta kama sai a kai shi kogo can bisa dutse. Kullum a ajiye masa fura kan wani falalen dutse a bakin rafi, a juyo. In fura ta kwana ba a taɓa ba, to ya rasu, an daina kaiwa ke nan. Yayan mai ciwon, Malam Habu, ya ce min, "Sale na da rai, Malam. Ƙwaryarsa a wanke take dawowa."

Na ce, "Haba, Malam Habu! Mutumin da ko yatsa ba ya iya ɗagawa, wa ke wanke masa ƙwarya?" Da ƙyar, bayan na yi masa lamba, ya yarda ya raka ni.

Ƙarshen damina ne, babu hanya sai rafi. Muka bi, ruwa iya ƙauri, takalmana a wuya. Inda ya rabu biyu muka ɗauki na hagu, muka haura tudu, muka gangara cikin wani rafin. Muka wuce falalen, ga ƙwarya a kife, tas. Daga nan daji ya yi tsit, ko kukan kurciya babu. A kan wani yashi na ga sawun ƙafa ƙarami, ba na namiji ba, ruwa bai ma gama cika shi ba. Habu kuwa addu'a kawai yake ja.

Wajen azahar muka isa kogon. Sale na kwance kan ɗanyen ganye, ƙurajen sun fara bushewa, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Na tambaye shi wa ke jinyarsa. Ya nuna bayanmu.

Wata tsohuwa ce tsaye a hayin rafi, fuska duk zanzana, ido ɗaya ya tsiyaye. Ta daɗe tana kallon Habu, sannan ta ce, "Habu, ka yi furfura."

Ya zube a gwiwa. "Innalillahi! Gwaggo Hajara?"

Ƙanwar mahaifinsu ce. Yana yaro aka kawo ta kogon nan da agana. Ranar da furarta ta kwana, aka daina kawowa, aka yi zaman makoki. Ashe makiyaya ne suka tsince ta, ta zauna bayan dutsen.

"Gwaggo, mun ɗauka kin rasu."

"Kasa saukowa na yi, ɗana. Babu wanda ya hau." Ta dubi Sale. "Shi ya sa nake wanke tasa, kada ku daina kawowa."

Na ciro allura, na dubi fuskarta, na mayar. Wanda ya yi agana ba ya buƙatar lamba. Habu na kuka yana roƙonta ta biyo mu gida. Ta juya ta bi rafi sama, ba ta waiwayo ba.

Sale ya warke. Mutanenmu ba mugaye ba ne, tsoro ne ya tsayar da su a bakin rafi. Don haka in na ce ban yarda da an ce ba, kada ku ce tsoho ya cika fitina. Ku cire takalma, ku hau ku duba.