Yatsu Talatin da Ɗaya, Daga Ƙauyenmu Zuwa Babura

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da gwaggon maigidana da 'yata goye a baya. 'Yan'uwa da kuka yi ta nemana a waya kuna tambayar ina na shiga ranar Laraba, ga labarin, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa yake, amma asibitin haihuwa mafi kusa da mu yana tsallaken wani rafi, ta ɓangaren Roni. Da rani rafin nan yashi ne zalla, yara na wasa a ciki. Da damina kuwa ko saniya ba ta ƙetare shi. Da akwai kwalbati, ruwan bara ya tafi da shi. A watan da ya tafi da shi ne maƙwabciyata ta yi naƙuda a bakin ruwan, a kan amalanke, ana hango rufin asibiti. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Ni kuma yanzu cikina wata biyar. In kun duba za ku ga inda haihuwata za ta faɗa: tsakiyar ruwa. Maigida yana ci-rani a Kudu, sai an fara shuka zai dawo.

Shi ya sa matan ƙauye muka ce mu rubuta koke. Ni ce na kai aji huɗu a firamare, ni aka miƙa wa biro. Na rubuta a sama da manyan baƙaƙe, "Zuwa ga Gwamnati." Na zuba tawadar allo a murfin kwalba, na bi gida-gida daga gabas zuwa yamma, kowace mace ta dangwala yatsa. Mu talatin da ɗaya. Suna kam ba wadda ta yarda a rubuta. Suka ce sunan matar aure a takardar da baƙin maza za su karanta? A'a, yatsa ya isa. Ni ma a lokacin haka na gani.

Na naɗe takardar a leda biyu, don tawadar allo ba ta shiri da gumi, ga shi bazara ce. Muka hau acaɓa ɗaya, Gwaggo a baya tana riƙe da ni kamar buhun da ake tsoron ya zube. Muka bi ta cikin rafin. Ga guntayen siminti nan kwance a yashi, ƙarafa sun miƙe sama. Na kau da kai. Gonaki duk an share, an jera tsibin taki, ana jiran sama. Kowa yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake kallon gabas da faɗuwar gaba, Allah Ya yafe mini.

Mun isa Roni rana na fitowa. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance har Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta tambayi mai suya ko da allura ake ɗebo ƙullun. Daga nan muka nemi wani dattijo mai rubuta wa mutane takardu a gindin darbejiya, kusa da sakatariya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya karanta layin farko ya cire tabarau.

"'Yata, wace gwamnatin?"

Na ce, "Baba, gwamnati dai."

Ya ce ai uku ce: ta ƙaramar hukuma, ta jiha, da ta tarayya. Kowace kuma kashi biyu ce, akwai masu yin aiki, akwai majalisa mai amincewa a yi aikin. Rafin da ya raba ƙananan hukumomi biyu kuwa ya fi ƙarfin ɗaya ita kaɗai, sai mu kai wa 'yan majalisar jiha. Ya ce mu tafi ofishinsu a Kazaure. Ni kuwa na fito ne ina zaton gwamnati wani babban mutum ne a bayan tebur.

Hanyar Kazaure mai kyau ce, ga duwatsu jajaye dama da hagu, wasu an ɗora su kan wasu kamar da hannu. Mangwaro ya cika bakin titi, shi kaɗai ne abin da bai yi tsada ba a tafiyar nan. Kuɗin mota kam ya ninka yadda na san shi lokacin awon cikina na fari. A ofishin da aka kwatanta mana sai maigadi muka tarar, mutum mai fara'a. Ya ce ai yau duk suna Babura, 'yan majalisar yankin nan sun haɗu suna karɓar koke kan wuraren da ruwa ke yi wa ɓarna, kafin damina ta sauka. Da la'asar za su tashi. Wanda bai kai nasa yau ba, sai wani zaman, shi kuma bai san yaushe ba.

Na dubi rana, hantsi ya dubi ludayi har ya wuce. Ban taɓa zuwa Babura ba. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "To, me kike jira? Ko sai cikin ya kai tara?"

Bas ɗin Babura ta ƙi cika. Mun fi awa muna gasuwa a ciki, 'yata na kuka, ni ina ta taɓa ledar a ƙirjina in ji ko ta jiƙe. Da muka tashi muka bi ta Achilafiya, ƙasa ta buɗe, duwatsu suka ƙare, sai fili da kuka da garken awaki. A cikin motar nan na ga ƙasarmu a taƙaice. Ga wani Bafulatani da sandarsa zai kai kuka kan burtali. Ga wata tela 'yar Filato da giciye a wuya, ta karɓi 'yata ta yi ta yi mata wasa har ta yi barci. Ga wani ɗan Nijar mai fataucin hatsi yana faɗa wa direba darajar sefa a yau. Ga kuma wani tsoho tukuf da rediyo a cinya, wanda ya ce iyayensa daga Barno suka zo.

Shi tsohon ne ya ji ina ba Gwaggo labarin gwamnati uku, ya yi dariya. Ya ce lokacin yana yaro tsarin ba haka yake ba. Firaminista gare mu, shi ma ɗan majalisa ne, mazaɓarsa ce ta tura shi kamar kowa. A cikinsu yake zama, su tsare shi da tambaya ido da ido, in mafi yawansu suka juya masa baya, gwamnatinsa ta faɗi. Ministoci ma daga cikinsu ake ɗauka. Ya ce kuma a ƙasa mai yare da yawa irin tamu, jam'iyya ɗaya ba ta iya cika kujerun, dole ta nemi wata daga wani yanki su haɗa kai. Ɗan Nijar ya ce su ma can sun san firaminista. Tela ta ce, "Baba, to lokacin ana yin gada da wuri?" Tsohon ya ce, "Lokacin ma sai an yi magana." Mota ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Abin da na riƙe shi ne, ko da ko yanzu, ɗan majalisa mutum ɗaya ne cikin taro, sai ya shawo kan waɗanda ba su taɓa ganin rafinmu ba. Me zai sa wanda ke can wani gari ya damu da cikina?

Mun shiga Babura ana kiran azahar. Gari ne na hatsi da dabbobi, manyan motoci shaƙe da buhuna, babura kamar ƙudan zuma. Muka yi salla, muka sha fura da nono tsaye, muka nemi zauren taron. Ya cika maƙil, maza a gaba, mata ƙalilan a gefe. A bakin ƙofa akwai tebur, wata ma'aikaciya da ake ce wa Madam tana karɓar takardu tana buga musu hatimi. 'Yar Kudu ce, amma Hausarta ta fi tawa gudu. 'Yata ta farka tana neman ruwa, Gwaggo ta karɓe ta ta fita, ni na shiga layi ni kaɗai.

Madam ta buɗe ledar, ta karanta, ta gyara mini kan takardar da bironta ba tare da ta yi dariya ba. Sai ta kai ga yatsun.

"Ina sunayen?"

Na ce ba mu sa ba.

Ta ce, "Ƙanwata, ba mugunta ba ce. Takarda ba suna ba za ta shiga gaban majalisa ba. Mutum ɗaya zai iya dangwala yatsa sau talatin. Ki koma su faɗi sunayensu."

In koma ina? Rana ta karkata. Mazan da ke bayana sun fara tsaki. Na ji abin cikina ya motsa, na ga rufin asibitin nan a idona. Laifina ne, ni na rubuta, ni ya kamata in sani. Ban san lokacin da na ce, "Na san su duka. Ni na riƙe hannun kowacce."

Ta dube ni, ta aika aka kira kansilan mazaɓarmu daga cikin zauren, ta ce ya tsaya ya shaida, tunda ya san gidajen. Ta ɗora biro kan yatsa na farko.

'Yan'uwa, yatsa na farko na surukata ne. Daga gidanmu na fara. Shekara huɗu ina gidan nan, bakina bai taɓa furta sunanta ba. Ko yarinya mai sunanta na gani a hanya, "mai sunan Iya" nake ce mata. Na ce wa Madam, "Wannan Iya ce." Ta ce, "Iya wa?" Na dubi kansila, ya ce shi ma da Iya ya san ta. Na waiga, ba Gwaggo. Ga maza fiye da goma a bayana, duk sun yi shiru suna saurare.

Na rufe ido na faɗa. Madam ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau biyun nan sun ishe ni.

Daga nan sai bakina ya buɗe. Wannan mai tsaga a tsakiya na mai awara ne, wuƙa ta taɓa yanke ta. Wannan da ya fito sumul na mai surfe ne, taɓarya ta cinye zanen. Wannan da ya karkace na tsohuwar ungozoma ne, da hagu ta dangwala don damanta na ciwo. Waɗannan biyu ƙanana na matan Fulanin bakin rijiya ne. Ina faɗa, Madam na rubutawa, kansila na cewa, "Haka ne, matar wane ce." Har muka kai wanda ya dagule, kamar an ja shi a kan takarda. Madam ta ce wannan bai fito ba. Na ce na maƙwabciyata ne, hannunta rawa yake yi, ita ce ta haihu a bakin rafin. Kansila ya sunkuyar da kai ya ce ya halarci jana'izar. Ba wanda ya ƙara tsaki.

Ta buga hatimi ana kiran la'asar. Takardarmu ce ta biyun ƙarshe da aka karanta a zauren. Wanda ke shugabantar zaman ya tambaya ko mai takardar tana nan, na miƙe. Ya ce, "Yaushe ake sa ran haihuwar?" Na ce wata huɗu, ranka ya daɗe. Ya rubuta. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce za su kai gaban sauran 'yan'uwansu, in aka amince sai a umarci ma'aikata. Bafulatanin motarmu yana can gefe, ya ɗaga murya ya ce shanunsu ma ta rafin nan suke bi. Wannan ma aka rubuta.

Mun kwana gidan wata 'yar'uwar Gwaggo, washegari muka juyo ta Kazaure da Roni. Duk hanya ba gada nake tunani ba, Iya nake tunani, don na san kansila ya riga mu isa gida, kuma bakinsa ba ya riƙe magana.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Gwamnati ba mutum ɗaya ba ce, ɗakuna ne cikin ɗakuna, kuma a ɗakin ƙarshe mutane ne masu yare daban-daban da dole sai sun yarda da juna kafin a zuba bokitin siminti ɗaya. Ba su san fuskarka ba, sunanka kawai suke iya gani. Shekaranjiya wasu mutum biyu sun zo da igiyar awo, sun auna rafin sun tafi. Siminti dai shiru, gabas kuma ta fara haɗa hadari. Na haɗa jakata, Gwaggo ta ce in ruwa ya riga su, Roni zan koma wajen 'yarta tun cikin yana wata takwas.

Ranar da muka dawo, na tarar da Iya a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa nesa da ita, na gaishe ta kaina a ƙasa. Ta ci gaba da tsince wakenta.

"An ce kin kira sunana a gaban maza."

"Na kira, Iya."

"Har sau biyu."

"Matar ba ta ji na farko ba, Iya."

Ta watsar da wata tsakuwa daga cikin waken, ta ce, "Daidai dai aka rubuta shi?"

Na ce daidai.

Ta tura mini tabarma da ƙafa ta ce, "To zauna ki huta. Yanzu sun san wadda za ta je ta tsaya musu a kai in ba su zo ba."