Gwadabe, Wanda Ya Hana Mashin Hawa Sikeli

Da an idar da sallar asuba, Malam Gwadabe ba ya komawa gida. Yakan tsaya wajen mai shayi ya kurɓi ruwan bunu, ya ja hular sanyi har kunne, sannan ya gangara rumfarsa ta kwano a Gada Biyu. Kafin ya taɓa sifana sai ya zagaya mashinan da suka kwana a wurinsa, yana dafa tankin kowanne kamar mai duba marasa lafiya. Babu sabo a cikinsu. Tsofaffin Honda ne da Suzuki da 'yan Vespa, wasunsu sun girmi direbobin keke mai ƙafa uku da ke wucewa suna danna masa hon.

Fiye da shekara arba'in ke nan yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye, domin ido ya fara yi masa gardama. Ba wanda ya shirya masa walima, shi ya sa nake rubuta wannan.

In ka zauna a bencinsa, ba a daɗewa zance zai koma zamanin kuɗin Udoji, lokacin da gwamnati ta yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. "Masinja fa," in ji shi, "masinjan ofis, ya yi adashi na 'yan watanni, sai ka gan shi a kan sabon mashin, ledar kujera ma bai cire ba. Ran Lahadi a wanke shi fes, a ɗora uwargida a baya, a zaga kasuwar Terminus ba don an je sayen komai ba." Yakan yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Yau sabon mashin ya haura miliyan. Ƙaramin ma'aikaci ko ya yi shekara bai ci bai sha ba, albashinsa ba zai kai shi ƙofar shagon ba. Kuma kada wani ya ce mana zamani ne ya canja. Zamani ba ya zama ya yanke albashi, mutane ne ke yi, mu kuma muna gyaɗa kai muna cewa a yi haƙuri.

Gwadabe bai tsaya ga haƙuri ba. Yana da wata al'ada da duk unguwar ta sani. Idan mai tsohon mashin ya rasu, yakan je gaisuwa, ya bari kwanaki su ɗan ja, sannan ya koma ya roƙi iyalan kada su ba 'yan jari bola su auna shi a sikeli kamar ruɓaɓɓen kwano. Ya saya, ya kwance, ya rarraba kayan ga mashinan da ke da sauran numfashi. Shi ya sa a garin nan za ka ga mashin ɗaya yana tafiya da kafireton wani marigayi liman na Dutse Uku da kilocin wani marigayi tela, Ifesinachi.

A daminar bara Ticha Pwajok ya iso rumfar yana tura Honda ɗinsa, ruwa ya jiƙa shi jagab. Tsohon malamin firamare ne da fansho ba ya isa, yana noman kabeji a bakin wani tsohon ramin kuza. Da mashin ɗin nan yake kai kayan kasuwar Farin Gada. In babu shi, 'yan sari za su bi shi har gona su saya yadda suka ga dama, shi da matarsa Fibi su rasa na abinci.

"Oga Gwadabe, abokinka ya yi fushi da ni."

"Ai dole, Ticha. Kai kana cin gwate kullum, shi baƙin mai sai Kirsimeti."

Da ya buɗe injin, wasa ya ƙare. Injin ya tsage, ba abin da walda za ta iya. Gwadabe ya birkice duk tarkacensa, ya aika Kano, ya aika Nnewi. Ko'ina amsa ɗaya: irin wannan an daɗe da daina kawowa. Da Pwajok ya dawo ya ji, sai ya zauna a benci. Can ya ce, "To, kira masu sikeli. Ko buhun masara ya fito."

"Ba a rumfata ba," in ji Gwadabe. "Ka dawo bayan Juma'a."

Ya dawo, ya tarar da mashin ɗinsa yana ta ƙugi kamar saurayi. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai idonsa ya faɗa kan wani Honda ja a jingine a kusurwa, cikinsa wayam. Na Gwadabe ne. Shi ya saya da albashinsa na farko-farko a garejin kamfanin kuza, a kansa ya kai matarsa asibiti haihuwar ɗan fari.

"Oga, ba zan karɓa ba. Wallahi mayar da kayanka."

"Ticha, ni daga gida zuwa nan ƙafa tana kawo ni. Kai ka taɓa ganin kabeji ya tafi kasuwa da ƙafarsa? Hau ka ba ni wuri, ina da aiki."

Masu faci da ke gefe sun ce Pwajok ya hau, amma sai da ya goge fuska da hula kafin ya iya ganin hanya.

Gwadabe na Gada Biyu, likitan tsofaffin ƙarafa! Kai ne ka gane cewa talaka in ya sauka daga mashin a wannan zamani, ya sauka ke nan har abada, shi ya sa ka ƙi bari kowa ya sauka a gabanka. Kai ne ka toshe ramin da masu tsara albashi suka haƙa, da sifana da hannu mai baƙin mai. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idonka haske.

Ku kuma samarin gareji, ku je ku koyi gyara a wurinsa kafin ya rufe rumfa, ba canja kaya kaɗai ba. Mu masu baki da alƙalami, mu daina yin shiru har sai aikin wata ya sake zama abin da mutum zai tara ya mallaki wani abu. Kafin nan, in kun hangi wani dattijo da hular sanyi yana hawa tudun Gada Biyu a ƙafa, ku tsaya ku ɗauke shi. Zai ce muku ya kusa isa. Kada ku yarda.