Sunan da Hajjo Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya zauna unguwar Bukoki ta Yamai a shekarun farko na ƴancin kai ya san Hajjo mai daka. Ko bai riƙe fuskarta ba, ya riƙe tafiyarta: taɓarya a kafaɗa, yarinya na biye da ita da faifai. Ba'adara ce, daga wani ƙauye can bayan Tawa. Ita da mijinta Illo suka sauko Yamai shekarar da aka sauke tutar Faransa, da ƴarsu ɗaya a goye. Illo ya taɓa sana'ar ga-ruwa, ya ga ba ta fisshe shi ba, ya wuce Kumasi, daga nan ko saƙon gaisuwa. Hajjo ba ta zauna jiransa ba. Ta shiga gidajen ma'aikata na unguwar Filato tana yi musu surfe da daka, a ba ta abin da aka ba ta, ta haɗa da dusa da tsaki ta koma bukkarta.

Ƴar tata sunanta Madina. Ni nake faɗa muku, don a bakin Hajjo ba za ku ji ba. Ƴar fari ce, kuma inda Hajjo ta tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta lallashinsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke," take cewa, ko "yarinyar nan". Kada ku ɗauka rashin so ne. In Allah ya kawo tsokar nama ɗaya a miya, Hajjo za ta tura ta gefen Madina, fuskarta na kallon wani waje kamar ba ita ta yi ba. Ba ta da kowa a garin nan sai yarinyar, kuma ta san haka.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da Madina, Hajjo ta goya ta zuwa gidan likita. Ƙofa biyu ce a wurin. Ta gefe tana da benci a inuwar dogon yaro, nan matan ma'aikata ke sauka daga mota a shigar da su ba jira. Ta gaba kuwa ta talakawa ce, layi a rana tun hantsi. Babban mai jinya a wurin wani ne Isaka, kowa Majo yake ce masa. Bahaushe ne kamar Hajjo, uwar da ta haife shi ma kunyar nan take yi. Ya san al'adar sarai, shi ya sa har yau ban ga uzurinsa ba.

"Sunan yarinya?" in ji shi, ko kai bai ɗaga ba.

Hajjo ta waiga ko akwai wata ƴar unguwa da za ta faɗa a madadinta. Babu.

"Madina," in ji yarinyar daga baya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ke na tambaya ba. Uwar taki ba ta da baki ne?"

"Allah ya ba ka nasara, ƴar fari ce," Hajjo ta ce, idonta a ƙasa.

Majo ya ajiye alƙalami, ya kira abokan aikinsa, ya yi musu Faransanci, suka kwashe da dariya. Sannan ya koma Hausa don kowa a layin ya ji. "Ku zo ku ga wadda ta haifi ƴa ba ta san sunanta ba. Da irin waɗannan za mu gina ƙasa?" Ya leƙa fuskar Madina. "Kin ga uwarki? Ko mutuwa za ki yi, ba za ta kira ki ba." Ya nuna wa Hajjo ƙofa. "Je ki koyo sunan ki dawo."

Bai taɓa ta da hannu ba, babu abin da za ta nuna wa wani ta ce ga inda aka ji mata ciwo. Ta fita ta zagaya bayan katanga, ta sauke yarinyar, ta yi kuka. Madina ba ta taɓa ganin hawayen uwarta ba sai ranar, kuma ta ƙudura a ranta ita ce ta jawo. Zazzaɓin dai da tafasasshen ganye ya sauka.

A gidajen da Hajjo ke daka akwai na Madam Zeinabu, matar wani komi, wato akawun gwamnati. Ita ƴaƴanta ba sa bin layi, duk Lahadi take jera su ta ba su nibakin, ƙwayar zazzaɓin nan mai ɗan karen ɗaci. Mace ce mai kirki daidai gwargwado. Da ta ji abin da ya faru, ta zubo wa Hajjo ƙwayoyi cikin hannu, ta ce, "Rabi za ki ba ta, kin ji? Rabi." Tana faɗa tana shiga mota. Hajjo ta ƙulle su a tsumma ta sa a ƙasan kwalla, ranta ya kwanta. Madina na gefe tana kallo. Ƙwayoyin ta gani, maganar rabin ba ta ji ba.

Damina ta zagayo, zazzaɓi ya dawo. Madina ta ɓoye. Da safe ta tashi ta share ƙofar bukka tana rawar sanyi, don kada a gane. Hajjo ta lura da idon, ai uwa ce. Sai dai matan maƙwabta na zaune a ƙofar bukka, ba za ta kai hannu ta taɓa goshin ƴar fari suna kallo ba.

"Ke, lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To zauna gida yau." Ta ɗauki taɓarya ta fita, da niyyar in ta dawo ta ɓalla mata rabin.

Madina ta yi tunani irin na yara. In yunwa ta yi yawa, fura mai yawa ake sha. Zazzaɓinta kuwa babba ne, kuma dole ya sauka kafin Inna ta dawo. Ta buɗe kwalla, ta kwance tsumman, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya da ruwan randa, duk ɗacin nan bai hana ta ba.

Hankalin Hajjo ya ƙi kwanciya, ta bar surfen ba ta gama ba ta dawo kafin azahar. Ta iske yarinyar kwance, leɓɓa sun yi fari, tsumman a buɗe gefenta.

"Ke, me kika yi?"

"Na sha duka, Inna," in ji Madina, harshe ya yi nauyi. "Zan warke. Kada mu koma wurin mutumin nan."

Can ɗin suka koma, don babu wani wuri. Hajjo ta goya ta tana gudu babu takalmi, ta wuce layi, ta banka ƙofar matan ma'aikata, abin da ba ta taɓa mafarkin yi ba. Majo Isaka ya fito zai yi faɗa, ya ga yarinyar, ya kama wuyan hannunta na ɗan lokaci, ya saki.

"Ku kullum sai kun makara," ya ce. Wannan karon bai tambayi suna ba.

Hajjo ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta shafa goshin da ba ta taɓa ba da safe. A gaban Majo, da matan benci, da dukan layin, ta kira ta. "Madina." Ta sake kira, ta yi ta kira. Yarinyar da ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, ranar ma ba ta ji ba.

Bayan sadakar bakwai Hajjo ta koma daka, don ba wanda zai ciyar da ita. Ta daɗe tana bin gidajen Filato, taɓarya a kafaɗa, faifai a hannunta. In sabuwar uwar gida ta tambaye ta ko ta taɓa haihuwa, sai ta ce, "Ɗaya," ta ci gaba da surfe. Sunan kuwa ba ta ƙara faɗa ba.