Kawu Isuhu da Shanun Maƙwabcinsa

Duk wanda ya san Kawu Isuhu mai albasa ya san ba ya buɗe wayarsa sai ya yi sallama. Zai goge hannu a gefen riga, ya warware robar da ya ɗaure ta da ita, ya zaro ta daga ledar burodin da take kwana a ciki, sannan ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gari." Kuma sai ya jira amsa. Mu da ke zaune kusa mu ne masu amsawa, don in ba a amsa ba, ba zai taɓa komai ba, sai dai ya yi ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar mun taka masa sallaya da takalmi.

Ni ce Rabi, 'yar ƙanwarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Kada ku ɗauka gata ne. A bakin Kawu, Uwata tana nufin tafinta, mai rubuta saƙo, kuma mai cajin waya kyauta. Shagon ɗinkina yana manne da gidansa a nan Agege ta Legas, don haka ba ni da mafaka. Allah ya ji ƙansa, amma wallahi mutumin nan ya gwada haƙurina.

Garin da yake yi wa sallamar wani wasa ne na waya da samarin unguwa suka koya masa lokacin da ciwon gwiwa ya hana shi sintirin kasuwar Mile 12. Sunan wasan na Turanci bai taɓa zama a bakinsa ba, sai ya riƙa ce masa Gari, mu ma muka bi shi. A ciki kowa yana da gona da shanu da sojoji, maƙwabtanka kuma mutane ne na gaske daga ko'ina a duniya. Ka yi noma, ka tara, ka shiga ƙungiya, ku kai wa wasu hari ku kwashe rumbunansu. Samari na shiga suna fita, amma Kawu ya haura shekara goma a ciki, da waya ɗaya da leda ɗaya. In leda ta huje, sai ya aika a sayo burodi.

Kuskuren farko na Bashir mai aski ne, shi ya ce a naɗa Kawu shugaban ƙungiyar unguwa don girmamawa. Sun daɗe suna shirin afka wa wata ƙungiya da ta addabe su, har an tsai da rana. Ana gobe sai Kawu ya leƙo shagona, ya miƙo mini wayar ya ce in rubuta wa mutanen nan da Turanci cewa gobe bayan azahar za mu zo yaƙi, su kawar da mata da yara. Na ce masa babu mata da yara a wasan.

"To su kawar da shanu," in ji shi.

Na yi gardama, na yi magiya, ya tsaya mini a kan keken ɗinki har sai da na rubuta. Washegari aka yi wa ƙungiyarmu kwanton ɓauna, ko soja ɗaya bai dawo ba. Bashir ya taho da injin aski a hannu, ya baro mutum da rabin kai, yana ta faɗa. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "An ci mu da yaƙi, na yarda. Amma duk duniya ba wanda zai ce mutanen Agege sun shiga gidansa ba sallama." Bashir ya daɗe ba ya gaishe ni, sai ka ce ni na tsara abin.

Sai maganar zakka. Abin da ake nomawa a wasan alkama ce, amma Kawu ya ce gero ne, kuma gero ya zauna. Duk girbi sai ya ware wani kaso ya aika wa sababbin shiga. Bai tsaya nan ba, wata Juma'a ya tare liman a ƙofar masallaci yana neman fatawa a kan nisabin geron waya. Liman mutum ne mai sanyi. Ya tambaye shi ko ana cin geron, Kawu ya ce a'a. Ko ana kai shi kasuwa a auna a mudu? A'a. Liman ya ce to babu zakka a kansa.

"Amma ana sace shi, Malam," in ji Kawu. "Abin da ɓarawo zai bar barcinsa ya zo ya ɗauka, ai dukiya ce."

Tun daga ranar liman ya koma fita ta ƙofar baya.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya sha mana kai shi ne maganar maƙwabcinsa. A taswirar wasan akwai wani da gonarsa ke jikin ta Kawu. Sunansa haruffa ne da lambobi, hotonsa kuma na kyanwa, sai Kawu ya sa masa Bature, don a wurinsa duk mai rubuta Turanci ba kuskure Bature ne. Sukan yi musayar iri, su gaisa. Ni ce mai kai gaisuwar. Kawu zai tambayi gajiya da iyali da ruwa da ƙarfin jiki, ni kuma in dunƙule su a kalma biyu. Sai ya karɓi wayar ya auna rubutun da yatsa ya ce, "Uwata, gaisuwar da na ba ki ta fi wannan tsawo. Ina kika kai sauran?"

Wata rana Baturen ya rubuto cewa zai ɗan yi nisa, Kawu ya riƙe masa gona da shanu, ba zai daɗe ba. Wasan yana da hanyar da mutum zai wakilta aboki, kuma dabbar da aka bari ba ruwa mutuwa take yi. Kawu ya amsa da bismilla. Daga nan Bature ya ɓace. Aka yi azumi, aka yi salla, aka sake wani azumin, shiru. Kowa ya ce masa mutumin ya bar wasan, ƙila ma ya manta da shi. Kawu ya ce shi dai ba a ce masa ya saki ba. Amana aka ba shi, kuma amana ba ta tsufa.

Kullum sai ya shayar da shanun Bature kafin nasa. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ɗauka daga rumbun mutumin ba, ko ranar da aka wawushe nasa. Duk salla sai in rubuta wa Bature barka da salla, da Kirsimeti ma in rubuta, wai don ba mu san wanne ne nasa ba. Ranar sunan ɗiyata ta biyu, an taru ana jiran Kawu ya raba goro a yi addu'a, aka neme shi aka rasa. Mijina ne ya gano shi a kan gadar masu tafiya da ƙafa, da babbar riga, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Da ya dawo na tare shi da fuska a murtuke, ya ce, "Jaririyar nan tana da uwa da uba da dangi cike da gida. Shanun can ni kaɗai gare su." Ranar har kuka na yi don haushi.

To, sai ga sanarwa cewa masu wasan za su rufe shi bayan babbar salla, kowa da komai ya tafi. Unguwa ta ɗauki zafi. Bashir, da ya yi shekaru yana sayen sulke da dawakai a ciki, ya rantse sai ya kai su kotu, ko da yake bai san ƙasar da suke ba. Wasu suka goge wasan nan take don fushi, suka sake saukewa kafin magariba. Tunde mai gyaran janareta, wanda tare aka kafa ƙungiyar da shi, ya riƙa bi gida gida yana ɗaukar hoton garin kowa. Kawu bai yi fushi ba. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, wa zai miƙa wa kayan mutane?

Ya ce lallai masu wasan suna da ofis a Ikeja, don duk abin da ya shafi waya can yake. Na ce babu. Ya ce ban duba da kyau ba. Haka na rufe shago, ɗinkin biki na jirana, muka hau motar danfo, ni da shi da gwiwarsa, muka sha cunkoso har kasuwar wayoyi. Ya zaɓi wani mai gyara da ya ga yana da furfura, ya warware ledar burodi a kan teburinsa, ya ce a ciro masa gonar maƙwabcinsa a zuba a ɗan katin ajiya, tasa gonar a bar ta ta tafi. Mutumin ya dube ni, na kau da kai. Ya yi masa bayani da Yarabanci, ya sake da Turancin kasuwa, cewa gonar ba a cikin wayar take ba, tana cikin wata na'ura a wata ƙasa, wayar taga ce kawai.

Kawu ya ce, "Wato duk shekarun nan a gonar aro nake noma, ba wanda ya gaya mini?"

Muka kamo hanyar gida. Na so in ce ai na faɗa maka, amma da na ga yadda ya rungume ledar nan a ƙirji sai bakina ya mutu.

Daga nan ya shiga neman yafiya kamar mai shirin tafiya Makka. Duk wanda suka taɓa haɗa iyaka ko yaƙi, sai na rubuta masa cewa Isuhu na Agege yana neman gafara. Yatsuna suka yi ciwo. Wasu suka amsa da dariya, wasu da hoton zuciya, wani kuma ya ce shi ne ya sace masa gero shekarun baya, a yafe masa. Kawu ya ce ya daɗe da sani. Bature kaɗai ne bai amsa ba.

Bai ga ranar rufewar ba. Ciwo ya kwantar da shi kafin salla, kwana kaɗan a asibiti. Ranar da ya ce a kira ni, na zo da zuciya a karye, na durƙusa kusa da gadon ina jiran ya yi mini nasiha a kan zumunci ko tarbiyyar yara. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ɗora mini ledar burodi a hannu.

"Uwata, safe da yamma. Nasa kafin nawa. In ya zo ki ce masa ban taɓa ko ƙwaya ba."

Na ce, "Kawu, mutumin nan ba zai zo ba."

"Ba ke aka tambaya ba," in ji shi. Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini, kuma ta yi kama da shi.

Haka na zauna a cikin zaman makoki, mata na ta shigowa gaisuwa, ni kuma ina zamewa bayan ƙofa ina shayar da shanun wani ƙato da ban sani ba. Ina yi ina mita, ina share hawaye. Sallama ma sai da na kama kaina ina yi.

Ranar rufewa aka taru a shagon Bashir bayan la'asar. Ba wuta, Tunde ya tada janareta. Wasan ya cika maƙil, mutanen da suka bar shi tun tuni duk sun dawo kallon ƙarshe, sunaye sai kunnuwa suke yi a taswira. Ina zaune a bakin ƙofa da ledata sai na ga hoton kyanwar nan ya yi haske. Na ɗauka idona ne. Na miƙa wa Bashir, ya duba, ya ajiye almakashi.

Saƙo ya shigo. Mutumin ya ce ya leƙo ne kawai ya ga kangon gonarsa, sai ya tarar da shanu sun ninka, rumbu a cike. Ya ce matarsa ce ta haihu a lokacin, rayuwa ta ɗauke shi, yaron yanzu har yana makaranta. Ya ga tulin gaisuwar salla da ta Kirsimeti. Yana tambaya, wane irin mutum ne wannan?

Na rubuta masa cewa sunansa Isuhu, mai sayar da albasa ne a Legas, kawuna ne, ya rasu kafin salla. Na ce ya bar saƙo cewa bai taɓa ko ƙwaya ba. Wannan karon ban rage ko kalma ɗaya ba. Sannan na danna wurin da ake mayar wa mai gona gonarsa.

Ya ɗan jima bai amsa ba, har na fara tsoron za a rufe kafin ya ce wani abu. Da amsar ta zo ba ta buƙaci tafinta ba. Ya rubuta, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ashe Baturen Kawu mai salla ne, daga wani tsibiri can gabashin duniya. Na karanta wa mutanen shagon, Bashir ya juya ya fuskanci madubi ya daɗe yana goge abin da ba datti. Ba a jima ba allon ya tsaya, aka rubuto godiya da Turanci, Gari ya tafi da gonakinsa duka.

Wayar tana nan a shagona cikin ledarta, a aljihun keken ɗinki. Ba ta da sauran aiki, amma na kasa ba yara.

Kawu, na miƙa. Mai kaya ya karɓi kayansa cif, ya kuma yi maka addu'a. Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka, ya sa ka tarar da maƙwabta nagari a inda ka je. Yadda ba ka taɓa shiga gidan kowa ba sallama, Allah ya sa mala'iku su tarbe ka da ita. Amin.